Dagaci Gyangyaɗi

"Wai 'yar wa kika ce?"

Badi'a ta kasa ɗago kai. Mudassir na tsaye a bakin zauren gidan su Badi'a a Kabo, riƙe da wata tsohuwar jarida da man ƙosai ya ɓata.

"'Yar Malam Gali mai zane... Ai ban taɓa ɓoye maka ba, masoyina."

"Surayya 'yar baffana ce ta kai wa Baba wannan. Kin san ta daɗe tana so na."

Marigayi Malam Gali ya shekara da shekaru yana zanen barkwanci a wata jaridar Kano. Mutum ne mai abin mamaki: duk wanda ya zana sai ya ja masa siririn layi a wuya, wai don kada a ce ya busa masa rai ranar ƙiyama. Zanensa da ya fi shahara shi ne Dagaci Gyangyaɗi, mai barci ana tsakiyar shari'a, hula ta zamo kan kunne. Mutanen wani ƙauye a yankin Gwarzo suka rantse dagacinsu ne, Alhaji Badamasi. Sunan ya manne masa.

Shi ne mahaifin Mudassir.

Da Malam Gali ya rasu, Badi'a ce ta gaji alƙalamin da shafin.

Inna Hajaratu, uwar Badi'a, ta kai ta gaban dagacin ban haƙuri. Suka durƙusa nesa da tabarma.

"Ranka ya daɗe, wanda ya yi laifin yana ƙasa," in ji Inna.

"Amma hannunsa yana nan," in ji dagaci. "Ke yarinya, zana ni ido buɗe, a buga. In kin wanke ni, na ba ki ɗana."

Ya gyara rawani ya zauna. Ba ta gama zana hanci ba kansa ya fara rinjaya. Sai minshari.

Mudassir ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Buɗe masa ido a zanen, Badi'ata."

"Baba bai taɓa zana abin da bai gani ba..."

"Shi ya tafi. Ni fa?"

Ta buɗe masa ido, manya, farare tas. Haka aka buga zanen.

Abin da ba su lissafa ba, yaran yanzu ba su ma san tsohon sunan ba. Ranar kasuwar Gwarzo jarida ta zaga rumfa-rumfa, tsofaffi suna ba matasa labari, ana ta dariya.

"Gyangyaɗi ya farka!"

Har 'yan acaɓa suka ɗauka.

Mudassir ya zo da yamma, bai ko sauka daga babur ba.

"Baba ya ce ubanki ya kashe shi, ke kuma kin tone kabarin."

"Abin da ka ce na yi."

"Na sani."

"To ka faɗa masa mana."

Ya dubi ƙasa, ya tayar da babur ya tafi.

Bayan sallah aka ɗaura aurensa da Surayya. Daga jarida aka yi ta kira, suna so ta ci gaba da dagacin, wai bai taɓa karɓuwa haka ba.

"Ku bar shi ya kwanta," in ji Badi'a, ta kashe wayar.