Masu Turin Bas

Bas ɗin da ke bi ta unguwarmu ba ruwanta da agogo. Wata rana ka tarar tana jiranka kamar kai ka saye ta, wata rana ka tsaya har ƙafafunka su manta da kai. Ni kuwa a ɗakin gwajin jini nake aiki, a wani asibiti can bayan gari, kuma da magariba nake karɓar aiki. Shugabarmu, wadda muke kira Uwar Agogo in ta ba da baya, ta riga ta sanar da ni cikin fara'a cewa in na sake makara, in yi zamana a gida gaba ɗaya. Ga matata da tsohon ciki.

Ranar nan bas ta zo a makare, a cike, tana warin mai da gumin mutanen da suka wuni a tsaye. Na samu kujera a can baya. Mun wuce gidajen ƙarshe, mun shiga doguwar hanyar nan da ba kowa sai tsofaffin ɗakunan ajiya da ciyawa, sai injin ya yi tari, ya yi shiru.

Direba ya murɗa makulli, ya lallashe ta, ya zage ta, sannan ya waiwayo ya ce maza su taimaka da turi. Nan take kowane namiji ya gano muhimmin saƙo a wayarsa. Dattijuwar da ke kusa da ni ta riƙe hannun rigata.

"Ɗana, rana ta faɗi. Zauna, wata motar za ta zo."

Na ce mata, Inna, abubuwan da ke cin mutum kullum ina ganinsu a madubin gwaji, kuma ba sa jiran magariba. Na sauka.

Ni kaɗai na sauka. Wannan kam na tabbata.

Na dafa ƙarfen baya, da sauran ɗuminsa. Na sunkuyar da kai na tura. Ko motsi. Na sake yunƙurawa, sai na ji ta yi sauƙi, tayoyi suka fara murza tsakuwa.

Ga hannuwa a damana. Ga wasu a haguna.

Na ce a raina kunya ce ta sauko da mazan. Bayani ne mai ma'ana, kuma ya yi mini amfani har zuwa lokacin da na ɗaga ido na leƙa ta gilashin baya. Ga ƙeyoyinsu nan duka, kowa a kujerarsa, hasken waya na taɓa kunnuwansu.

Ban waiwaya ba. Ina haki, su ba sa yi. Takalmana na ƙara, nasu shiru. Sai wari kawai, irin na rigar da ta kwana a jiƙe.

Wanda ke damana ya matso. Muryarsa ƙasa-ƙasa, dab da kunnena.

"Ana jiranka a can?"

"E." Har yau ban san abin da ya sa na amsa ba.

"Kana da kujera ke nan."

Ya yi 'yar dariya. Tawa ce. Wadda nake yi in na ji maganar banza.

Injin ya kama. Hayaƙi ya rufe mini fuska. Na zabura zan bi ƙofa, aka riƙe ni ta baya. Cikin hayaƙin na hango mutum a guje, da riga irin tawa, da ɗan ɗingishin da na samu a filin ƙwallo tun ina sakandare. Ya kama ƙofa, ya haye.

Bas ta tafi.

Tafin hannu ya sauka a gadon bayana. Sanyi. Sai wani. Sai wani.

Suka fara turawa.

Ba titi suka nufa da ni ba. Ciyawa.

Na zame daga rigar sama na bar musu ita, na ruga da gudu. Addu'ar da na daɗe ina cewa sabo ne kawai ta fito da kanta, ba gyara ko ɗaya. Ban tsaya ba sai da fitilun asibiti suka haske ni.

Maigadi ya dube ni, ya dubi ƙofar ciki, ya tambaya ta ina na fita bai gani ba.

Ɗakin gwaji ba kowa. An wanke kwalabe an jera, an gama gwada duk jinin da ke jirana. Kujerata a jiƙe, sanyi ƙalau. Uwar Agogo ta leƙo da jakarta a kafaɗa, ta ce ta ji daɗi, yau na zo a kan lokaci kuma ban cika ta da musu ba. In ci gaba a haka.

Bayan ta tafi na sake gwajin ɗaya bayan ɗaya. Ba kuskure. Da na samu ko ɗaya ne, da hankalina ya fi kwanciya.

Ba a kore ni ba. Yanzu tun azahar nake barin gida, in zauna a benci cikin marasa lafiya har lokaci ya yi. Matata ta ce in asibitin na aura in gaya mata ta sani. Amma bas tana nan da halinta, kuma duk ranar da ta shanya ni a hanya, nakan tarar an fara aikin.

Makon jiya Uwar Agogo ta ce za ta sa a ƙara mini girma, don akwai ranakun da nake aiki kamar ba ni ba. Na yi mata godiya.

Ya zuwa yanzu dai, in mai ɗingishi irin nawan ya ji takuna, yana tashi daga kujerata ya ba ni wuri.