Mai Rijiyar Sarki Sigismund

Shekara huɗu Zuhra tana fama da kundin digirinta a kan Sigismund, sarkin Burgundy da ya sa aka shaƙe ɗansa, ya tuba, maƙiya suka jefa gawarsa rijiya, Kiristoci suka ɗauke shi waliyyi.

Bayan isha ta hau jirgin ƙasa mai zuwa unguwar Taman Melati a gajiye. Wani dattijo ya zauna gefenta yana warin laka, rigarsa na ɗigar ruwa, alhali ranar ko yayyafi ba a yi ba.

"'Yata, kin rubuta wai sarkin ya huta a rijiyata," ya ce, leɓensa bai motsa ba. "Gyara. Shekara uku yana kiran yaron nan, ya hana ni barci."