Tafasasshen Ruwan Kwaɗin Halliru

Da yammacin wata Laraba ce, ko Alhamis, masu ba da labarin sun saɓa. Abin da duk suka yarda da shi shi ne rana ta kusa faɗuwa, kuma ana irin yayyafin nan na Manchester wanda mutum ba ya jin sa sai ya shiga gida ya tarar rigarsa ta yi nauyi. Halliru yana tsaye a kicin ɗin gidansa da ke unguwar Levenshulme, yana tafasa busassun ganyaye a babbar tukunyar da matarsa Kubura take dafa miyar Sallah.

Halliru injiniya ne. Shekara goma sha ɗaya yana duba magudanan ruwa a ƙarƙashin council, wato hukumar birnin. A shekarun nan da gwamnati ta ɗaure bakin aljihu, aka yi ta rufe ɗakunan karatu ana sallamar ma'aikata, wata safiya aka miƙa masa takarda da kwalin da zai zuba kayan teburinsa. Tun daga ranar zuciyarsa ba ta huce ba. Ƙofa idan ta yi ƙara sai ya zage ta. Kubura, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta ƙara awoyin aiki, ta rage magana.

A cikin wannan zaman ne ya sayo kwaɗi huɗu wajen wani Bature. Ba irin kwaɗinmu na bakin tafki ba ne. Kowanne bai wuce babban yatsa ba, shuɗi ne shar mai ɗigon baƙi, kamar an tsoma shi a marina. A dazuzzukan Kudancin Amurka, in ji shi, akwai danginsu da mafarauta suke shafa dafin fatarsu a bakin kibiya. Ya ajiye su a akwatin gilashi a falo, ya shimfiɗa musu tsakuwa da gansakuka, ya dasa 'yan tsirrai, ya liƙa ma'aunin zafi. Safe da yamma yana fesa musu ruwa. Yana kiwon wasu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje a kwalba, ya barbaɗa musu farin gari mai ƙarfafa ƙashi kafin ya zuba wa kwaɗin. Su kaɗai ne a gidan ba ya ɗaga wa murya.

Littafin masu fara kiwon ya ce duk ganyen da aka tsinto daga waje sai an tafasa shi kafin a shimfiɗa a akwatin, don kada ya shigo da cuta. To, shi ne aikin da yake yi. Da ya tsame ganyen, sai ya ƙwala wa 'yarsa kira.

Raki shekararta goma sha huɗu, a Manchester aka haife ta, Hausarta guntu-guntu ce.

"Ɗauki tukunyar nan ki zubar a magudanar da ke lungun baya."

Ta dubi taga. "Baba, Mama ta ce no hot water da magariba. Wai a jira ya huce, a yi bismillah."

"Nan Ingila ce!" Ya buga murfin tukunyar a kan tebur. "Magudanar nan ni na san inda ta faro da inda ta ƙare. Wane aljani ne zai bar duniya duka ya zo ya zauna a wannan sanyin? Ɗauki, kada in sake faɗa!"

Ta naɗe hannuwan tukunyar da tsumma, ta fita. Tsoro ya mantar da ita bismillar. Halliru ya ji ƙarar ruwan a kan ƙarfen magudanar, sannan ya ji wani abu, siriri, gajere, kamar an taka jelar ɗan kyanwa. Daga nan lungun ya yi tsit. Ko motocin titin Stockport Road ba a ji.

Washegari da magariba aka fara jifa. Ƙaramar tsakuwa ce, tana faɗowa daga saman bene ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Kubura ta sunkuya ta ɗauki ɗaya, ta yar da sauri: jiƙaƙƙiya ce, kuma da zafi kamar yanzu aka tsamo ta daga tukunya. Halliru ya duba akwatin gilashin. Murfinsa a rufe yake, amma tsakuwar ƙasansa ta ragu. Kwaɗin huɗu sun haɗu a kusurwa guda, sun juya wa ɗakin baya.

Kukansu ma ya sauya. Da can ɗan gurnani ne mai laushi wanda sai an kasa kunne ake ji. Yanzu idan rana ta yi ja, abin da ke fitowa daga falon shesshekar jariri ce wanda ya gaji da kuka.

A rana ta uku hannun Raki na dama ya dunƙule. Ya yi ja, ya ɗau zafi, ya tasa ƙuraje masu ruwa, alhali ba ta taɓa wuta ba. Ta daina cin abinci. Ta daina magana.

"Kwaɗinka ne," in ji Kubura. "Muna yawo da rigar sanyi a cikin gida, su ana hura musu ɗumi, ga shi sun saka mana da dafi!"

"Ba su da dafi! Dafin daga tururuwar dajin da suke ci yake zuwa. Waɗannan a gilashi aka ƙyanƙyashe su."

"To mene ne ya sami 'yata, Baban Raki?"

Ya ce bai sani ba.

Suka je wajen GP, likitan unguwarsu, aka tura su asibiti. Aka ɗebi jini sau uku, ko huɗu, aka yi hoto, aka ce ba a ga komai ba, su dawo bayan makonni. Halliru yana tsaye yana kallon ana soka wa yarinyar allura, bai ce uffan ba. A rana ta takwas, da aka kira magariba, Raki ta tashi zaune a kan gado, ta dubi uwarta da idanun da ba nata ba, ta ce da tsohuwar murya, cikin Hausar da ko kakarta sai ta yi tunani kafin ta gane: "Hannun nan nawa ne. In ɗana ya mutu, da shi zan tafi, har da mai shi."

Kubura ba ta yi kuka ba. Ta ɗauko makullin mota ta jefa wa mijinta a ƙirji.

A Birmingham, a unguwar Sparkhill, saman wani shagon yadi da ke Stratford Road, akwai wani dattijo, Malam Ashafa, yana zaune a wajen ɗansa. Mutanenmu na Ingila sun san shi da karatu da ruƙiyya. Halliru ya isa washegari da hantsi, ya tarar da shi yana jiƙa burodi a shayi. Malam ya saurari labarin har ƙarshe, sannan ya yi tambaya ɗaya tak.

"Me kuka zuba?"

"Allah gafarta Malam, ba mu zuba komai ba."

Malam ya daɗe yana dubansa. "To. Ɗauko mini butata da rigar sanyi. Ka kuma yi tuƙi a hankali, na ga hannunka yana neman abin da zai mara."

Sun iso Levenshulme rana na shirin faɗuwa. Malam ya tsaya gaban akwatin gilashin, ya gyara tabarau. "Tsarki ya tabbata ga wanda Ya rina waɗannan," in ji shi. Ya yi sallar magariba, ya hau bene, ya zauna a kujera nesa kaɗan da gadon, ya sa Kubura ta riƙe kan yarinyar. Halliru ya tsaya a bakin ƙofa. Malam ya fara karatu a hankali. Ɗakin ya yi sanyi, amma gilashin taga ya rufe da tururi, ruwa na gangarowa a jikinsa.

"Ya isa, tsoho," in ji muryar. "Ba kai ka ƙona mini ɗa ba, kada ka ƙara mini ƙuna da karatunka."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Sunana ba naka ba ne. Musulma ce ni, in shi kake son ji. A tsohon gidan wankan jama'a da ke bayan layin nan nake tun ba a haifi kakanka ba. Aka zo aka ce babu kuɗi, aka kashe famfo, aka buga katako a ƙofa. Na goyo ɗana na raɓe a magudanar gidan nan. Shekara biyu! Ko cokali na taɓa ɗauke musu? Ko madara na taɓa tsinka musu? Matar gidan tana bismillah, mu kauce, ta zuba abinta. Rannan ɗana yana wasa, sai tafasasshen ruwa, ba sallama, ba sunan Allah. Fatar bayansa ta saluɓe!"

Kubura ta ɗago kai. "Ƙarya ne. Raki ta sani. Tun tana ƙarama na koya mata."

"Hannunta na gani."

"Hannu kika gani," in ji Malam. "Ba ki ga wanda ya aiko shi ba?"

Tsakuwa ɗaya ta faɗo ta gangara har gaban takalmin Halliru. Ya ji haushin da ya saba ji yana tasowa, na council, na takardar sallama, na garin da ya mai da shi mai gadin kwaɗi. Ya nemi wanda zai sauke wa, ya duba ɗakin kaf, bai sami kowa ba sai yarinyar da ke kwance, leɓɓanta sun bushe.

"Ni ne," in ji shi. "Ta ce a jira. Na yi mata tsawa."

Kan Raki ya juyo gare shi a hankali, har wuyan ya yi ƙara. "To ɗora tukunya. Ka tsoma naka hannun har gwiwa, in saki nata."

Halliru ya juya zai sauka kicin. Da gaske yake.

"Dawo nan!" Malam ya daka masa tsawa, karon farko da ya ɗaga murya. Ya koma ga muryar. "Ke kika ce Musulma ce. Bai ga ɗanki ba, bai nufe shi ba. Ganganci ya yi da girman kai, kuma zai biya. Amma ƙuna ba ta warkar da ƙuna, yarinyar nan kuwa zaluntarta kike yi. In kika ƙi, zan ci gaba da karatu har sai ɗayanmu ya gaji, kuma ni na yi barcin rana a mota. Faɗi abin da ɗanki yake bukata."

Da muryar ta dawo, ta rage kaifi, amma fushin yana nan.

"Laima. Inuwa mai laima, mai tsabta, inda bera ba ya shiga. Magudanar nan sabulu ne da maiƙo, ciwon sai ruɓewa yake. A duk layin nan wuri ɗaya ne ya dace, na kuwa gan shi. Ya gina wa kwaɗi aljanna a falo, 'yarsa tana tsoron takunsa."

"Akwatin kike so," in ji Malam.

"A fitar da masu shuɗin. A kai akwatin lungun baya. Shi da kansa zai fesa ruwa safe da yamma, da bismillah, da ƙarfi yadda zan ji. Kwana bakwai. Ɗana ya warke, mu koma bakin kogi, ba ku ƙara jin mu."

"Wannan ba hadaya ba ce, ki sani," in ji Malam. "Jinyar wanda aka raunata ce. Kuma yarinya yanzu za ki sake ta, ba bayan kwana bakwai ba. Rantse."

"In ya fasa fa?" in ji muryar.

Malam ya dubi Halliru. Kwaɗin ba za su kwana biyu ba idan babu akwatin, sai dai a mayar wa Baturen da su, Halliru ya san haka. Wata takwas ke nan su ne dalilinsa na tashi da safe.

"Ba zan fasa ba," in ji shi.

Muryar ta rantse da Wanda Ya halicci mutum da aljan. Raki ta yi atishawa sau uku, ƙafarta ta hagu ta girgiza, sannan jikinta ya saki. Yatsun hannun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Tururin taga ya washe, ƙarar bas ta shigo daga titi.

"Mama," in ji ta da 'yar muryarta, "ruwa."

Halliru ya riga kowa sauka. Ya dawo da kofi, ya durƙusa a gaban gadon, abin da bai taɓa yi wa kowa ba a gidan nan. "Raki, ki yafe mini."

Yarinyar ta dube shi, ta dubi uwarta, ba ta san abin da ake cewa uba ba idan ya faɗi haka. Kubura ta karɓe kofin daga hannunsa.

"Kwana tara," in ji ta, ba ta ko kalle shi ba. "Kana tsaye ana huda ta da allura, ka sani, ka yi shiru. Ita ta yafe in ta ga dama. Ni sai na huce, kuma ba yau ba. Sauka ka kwashe kwaɗinka."

Ya sauka. Malam bai taya shi ba, ya ce bayansa na ciwo. Daga saman bene suna jin sa yana jan akwatin a kan tayil, taku ɗaya, hutu ɗaya, har ƙofar baya. Kubura ta tallafi kan 'yarta, Raki ta kama kofin da hannunta na dama, ta shanye, ta ce a ƙaro.

Haka aka ba da labarin, in an manta wani abu Allah Ya sani. Shi Ya tsare gidajenmu daga abin da muke gani da wanda ba ma gani, Ya kuma tsare na gida daga zafin zuciyar mai gida.