Hoton Mai Ƙaguwa

Ranar da Rumasa'u ta fara ganin Mukaila, ƙafafunsa kawai ta gani. Yana kwance ƙarƙashin tsohon kwalekwalen da ke tsakiyar gidan tarihin, yana buga masa ƙusa.

Gidan tarihin ma dai suna ne kawai. Tsohon shagon kifi ne a wani ɗan gari na bakin ruwan Chesapeake, can ƙasar waje. Tsofaffin garin ne suka kafa ƙungiya, suka tara komatsan kakanninsu a ciki, su fitilun jirgi da kejin kamun ƙaguwa da tsatsa ta cinye. Rumasa'u kan tuƙo mota daga Largo duk Asabar ta taya su aiki, don tarihi take karantawa a jami'a.

Ta yi tuntuɓe da takalminsa. "Wash! Wannan kuma wane irin mutum ne?"

Daga ƙarƙashin jirgi aka ce, "Mutumin Kumasi ne, Hajiya. A yi haƙuri."

Ya fito yana dariya, fuska duk garin katako. Jin Hausa a wannan lungu ya sa ta manta da faɗan da ta ɗauko. Kafin bazara ta wuce yana kiranta Ruma, ita kuma tana ce masa Kyaftin, alhali ko jirgin da yake aiki a ciki ba nasa ba ne. Na wani tsoho ne Clinton, shi Mukaila jan kejin ƙaguwa yake yi masa.

Wata rana ta same shi a bakin ruwa, da wandon roba har ƙirji, taɓo har kunne, ya ɗaga ƙaguwa yana wangale baki. Ta ɗauke shi hoto.

Ya ce, "Ruma, wannan naki ne ke kaɗai. Kin ji?"

"Na ji, Kyaftin."

Da ya je gaishe da iyayenta, shadda ya sa da turare. Alhaji Sanusi, wanda ya tsufa a aikin rediyo, ya tambaye shi sana'a. Ya ce aikin jirgin ruwa. Alhaji ya ɗauka injiniya ne, Mukaila kuma bai gyara masa ba. Hajiya Aliyya kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Ita Nazir take so, ɗan ƙawarta mai aikin kantin magani a Gaithersburg.

Ana nan sai Olive, tsohuwar da ke shugabancin ƙungiyar, ta shirya nunin masuntan garin na yanzu. Ta ga hoton a wayar Rumasa'u, ta dafe ƙirji ta ce babu wanda ya kai shi. Rumasa'u ta ji daɗi an yabi nata, ta bayar. Ba ta tambaye shi ba. Aka wanke hoton kamar girman ƙofa, aka rataye kusa da wata tsohuwar fitila, da sunansa a sama, da nata a ƙasa a matsayin mai ɗauka.

Ranar buɗe nunin, sai ga Nazir ya ɗauko Hajiya a mota, wai su ba ta mamaki.

Hajiya ta tsaya gaban hoton ta daɗe. Sannan ta toshe hanci da mayafi.

"Wannan ne injiniyan?"

"Mama, aikin halal ne."

"Na sha wahalar aikin asibiti shekara da shekaru don in aurar da ke ga mai kama ƙwarin ruwa? Har daga bango ina jin ƙarninsa."

Nazir ya kwashe da dariya, ya ɗauki hoton a waya, ya tura zauren hirar waya na Hausawan yankin: "Ga angon Rumasa'u. An ajiye shi a gidan tarihi tare da sauran tarkace."

Kafin la'asar babu wanda bai gani ba. Har Kumasi ya kai. Saƙon Mukaila ya shigo mata:

"Na ce naki ne ke kaɗai. Kin rataye ni a bango kamar busasshen kifi. Na gode."

Ta rubuta: "Kyaftin, wallahi alfahari nake yi da kai. Ka ɗaga waya."

Bai ɗaga ba. Ta sake rubutawa: "Ko zagina ne ka yi, in dai zan ji muryarka."



A gida Hajiya ta kafa sharaɗi: a sauke hoton, ya bar ruwa, sannan a yi magana. Rumasa'u ta ɗauki mota ta tafi bakin ruwa. Ta same shi yana wanke keji, bai ɗago ba.

"Zan ce wa Olive ta sauke shi yau."

"Don me?"

"Don Mama ta yarda. Don ka huce."

Ya ajiye tiyon ruwan. "Kin rataye ni ba ki tambaye ni ba. Yanzu za ki sauke ni don an ji kunyata? Wanne ya fi ciwo?"

Ta fashe da kuka. Ya bar ta ta yi mai isarta, bai miƙa mata ko hankici ba.

Can ya ce, "Ni ma na ɓuya a cikin shadda a gaban Baba. Hoton nan ya fi ni gaskiya. Bar shi inda yake. Ruwa kuma ba zan bari ba. In kina so na da ƙarnina, ga ni."

"Ina so, Kyaftin."

"To share hancinki, Ruma. Kin fi ƙaguwa muni in kina kuka."

Wanda ya gyara musu hanya, Nazir ne da kansa. Uwarsa ta ce ɗanta ba zai auri yarinyar da sunanta ke yawo a ƙarƙashin hoton masunci ba. Sauran manema ma kowa ya kama gabansa. Alhaji ya kira Mukaila, ya bar shi a tsaye a bakin ƙofa.

"Babu mai nemanta kuma. Turo magabatanka."

"Na gode, Baba."

"Ba kyauta na yi maka ba. Saura ce."

Rumasa'u tana bayan labule, ta ji da kunnenta.

Aka ɗaura aure a masallaci a Hyattsville, mutane ba su cika sahu biyu ba. Walima kuwa Olive ce ta ba su zauren gidan tarihin. Tsofaffin masunta suka zo da kwat ɗinsu na coci, 'yan Kumasi suka kawo shinkafa da wake, Clinton ya yi rawa har hularsa ta faɗi.

Ana shirin tashi Hajiya ta shigo. Ba ta zauna ba, ba ta taɓa abinci ba. Mukaila ya durƙusa ya gaishe ta, ta wuce shi kamar turmi. Ta je gaban hoton ta tsaya, ta dubi wannan fuska mai taɓo da dariya.

Da hoton ta yi magana. "Ga ta nan. Ka riƙe ta amana. Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a mai albarka."

Mukaila yana durƙushe a bayanta. Rumasa'u ta tattare lafayarta, ta durƙusa kusa da shi, ta kama hannun nan nasa da ƙaguwa ta gama tsattsagawa.

Tare suka ce, "Amin, Mama."