Munduwar Inna a Ruwan Gangara

Yaya Hajo, yayar Zunnuraini da zan aura, ta kama hannuna na dama a tsakar gidanmu na Magama, ta juya shi a gaban kowa.

"Amatullahi, ina munduwar Inna?"

Na ce tana cikin akwati. Ƙarya ce, kuma ta sani, domin ga Lantana can bakin ƙofa tana ta gyara mayafin da bai karkace ba. 'Yar kawunsu ce, ta daɗe tana yi wa Zunnuraini kallon nata, kuma ita ta gan ni wurin maƙerin azurfa a kasuwar Jibiya.

Munduwar ta mahaifiyarsu ce. Ranar da aka sa mana rana da Zunnuraini, ita da kanta ta zura min ita, wata biyu kafin ta rasu. Ni kuwa, da duk bokona, na kai aka buge ta ta zama faranti.

Ba don kwaɗayi na yi ba, amma wannan bai wanke ni ba. Ina karatun digiri na biyu a kan sinadarai, aikina kuma a kan wata rijiya ce a Gangara da maganin feshi ya gurɓata. Irin maganin nan kulorin ne ke riƙe shi, shi ya sa yake shekaru a ruwa bai lalace ba. In aka tsoma farantin azurfa aka sakar masa lantarki, sai ya riƙa ɓamɓare kulorin, dafin ya karye. Farantin da muka yi oda bai iso ba, mutanen Gangara kuma suna ta shan ruwan. Na dubi hannuna sau ɗaya, na ce ai zan gaya wa Zunnuraini daga baya. Daga bayan nan ne ya kai wata uku.

Yaya Hajo ta ce wadda ta narkar da amanar mamaci ba za ta shiga gidansu ba, ta ja Lantana suka koma Maraɗi. Babana ko kallona bai yi ba.

Washegari da la'asar na naɗe farantin a gyale na tafi bakin iyaka. Na sami Zunnuraini a layin manyan motoci, zaune a inuwar kamiyonsa yana jiran 'yan duwan, wato kwastan ɗin Nijar. Na miƙa masa. Farantin ya yi baƙi-baƙi, zanen da ke jikinsa duk ya shafe.

"Na ci amanarka, na ci ta Inna... Ban da abin cewa."

Ya daɗe yana shafa shi da babban yatsa. Na fi son ya yi min faɗa.

"Ya yi aiki?"

Na ce ya yi. A kwalbar gwaji, cikin awa huɗu, dafin ya ragu sosai, ko da yake kwalba ɗaya ba rijiya ba ce.

"Wace rijiya ce a Gangara?"

"Ta bayan makarantar allo, wajen tsamiya."

Sai na ga fuskarsa ta canja. Ya ce shekara huɗu da suka wuce, kafin ya san ni, ya ɗauko durom-durom na maganin feshi ta ɓarauniyar hanya. Biyu suka fashe a mota, kuma a bakin rijiyar nan ya tsaya ya wanke bayan motar. Daga baya ya ji awaki sun mutu, yara sun yi ta amai, ya ja bakinsa ya yi shiru.

"Ke kin ɓata munduwa, Amatu. Ni mi zan ce na ɓata?"

Na zauna a ƙasa kusa da shi, duk masu canji da 'yan dako suna kallonmu. Wallahi tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushinsa, ga nawa laifin yana nan bai ragu ba.

Ya mayar min da farantin. Ya ce shi zai je wurin Yaya Hajo, kuma da nasa laifin zai fara, sannan ya wuce wurin mai garin Gangara.

An ɗaura aurenmu bayan sallar layya. Yaya Hajo ba ta zo ba, na yi kukan wannan fiye da kukan barin gida. Sati biyu da tarewa, wani direban Maraɗi ya sauke min jarka ƙarama a ƙofa, cike da ruwan rijiyar gidan Yaya Hajo, da 'yar takarda ɗaure a hannun jarkar.

"Ƙanwata, ki gwada muna wanga. Yara na sha."