Jan-baki a Kan Ɗankwalin Gwaggo

"Gwaggo, kar ki motsa! Ga jan-baki nan a kan ɗankwalinki!"

Sai da maganar ta fita na tuna ni kaɗai nake ganinsu.

Gilashin da ke fuskata yana nuna mini tsakar gidanmu yadda yake, ya kuma ƙara masa gonar shinkafa da jan-baki, tsuntsayen nan masu cinye ta. Saurayina Abdulwahid ne ya ƙirƙiro wasan don masu keken guragu na lantarki irina. Ka tuƙa ka kore su, in sun taso maka ka sauke kujerar ka kauce.

Gwaggo Larai kuwa yayar babansa ce. Daga Kafin Hausa ta zo ganina ba sanarwa, kuma in ta ce a'a, maganar aurenmu ta mutu.

Ta nuna ni da maficinta.

"Wannan ce, Abdulwahid? Ga keke, ga gane-gane?"

"Gwaggo, wasa ne..."

"Rufe min baki! Matar da ba za ta durƙusa wa surukai ba, me za a yi da ita?"

Zuciyata ta tafasa. Banki matakala, makaranta matakala, ba wanda ya taɓa ɗaga murya a kai, amma gwiwata ce ta hana mutane barci!

Na buɗe baki zan amayar, Abdulwahid ya sunkuyo.

"Mardiyya, hasken idona... tsuntsaye sun taso."

Na gane. Na danna maɓalli.

Zuuuu... kujerar ta fara sauka a hankali.

"Ina wuni, Gwaggo?"

"Lafiya."

Zuuuu...

"Ya hanya? Ya mutanen Kafin Hausa?"

Gaisuwa ta ƙare, kujera ba ta gama sauka ba. Dole na koma tambayar lafiyar awakinta.

"Ke, ya isa, kar ki shige ƙasa!"

Dariya ta ƙwace mata. Ta dafa gwiwarta tana nishi.

"Ni kaina sallah ma a kujera nake yi yanzu... Miƙo gilashin nan, 'yar nan."

Ta saka, ta waiwaya, ta zabga wa Abdulwahid mafici a ƙeya.

"Wayyo Gwaggo! Ai babu tsuntsu a kaina!"

"Na sani. Ladan ɓoye min ita da ka yi ne, ja'iri. Ka ce wa ubanka su zo neman aure ranar Juma'a!"