Saƙonnin da Khaulat Ke Karantawa

Ranar da aka raba sakamakon jarrabawa, Yusuf mai buɗe wa manoman rani ruwan kanal ya shiga firamaren garinsu da taɓo har gwiwa, riƙe da hannun ƙanwarsa Khaulat, 'yar aji biyu. Takardar da aka ba ta babu ta ɗaya, babu ta goma, sai rubutu zalla.

Malamar ajin na zaune a gindin darbejiya. Murja ce, 'yar Malam Hambali manomin tumatir.

"Malama, ta nawa ta zo? An manta ba a sa ba."

"Ba mantuwa ba ce. Ɗaya bayan ɗaya nake zama da su, kowa ya zaɓi abin da zai karanta min, in ji inda ya iya da inda yake tuntuɓe. Duk na rubuta a nan. Ba ka karanta ba?"

"Na karanta mana," in ji Yusuf, yana ninke takardar. Ya ɗago suka haɗa ido, faɗan da ya zo yi ya bi ruwa.

Kafin a cire tumatirin bana sun saba. Ita takan rubuto saƙo, shi ya amsa da murya. Abin da ba ta sani ba, tun aji uku Yusuf ya bar boko ya bi mahaifinsa gona. Bayan la'asar sai ya zaunar da Khaulat a bakin kanal ya miƙa mata waya ta karanta masa saƙon Murja.

"Manomina, ka sha ruwa kuwa, ko gonakin mutane kawai kake shayarwa? Ka huta, sanyin idona."

"Yaya, mene ne sanyin ido? Ciwo ne?"

"Karanta ki wuce, sarkin tambaya!"

Wata Laraba Murja ta ce kowane yaro ya rubuta kalmomin da ya karanta a gida. Wannan ya rubuta taki, wancan shinkafa, duk daga jikin buhu. Khaulat ta miƙo nata: manomina, sanyin idona.

"A ina kika ga wannan?"

"A wayar Yaya. Ni nake karanta masa, yana ba ni rake."

Kwana tara Murja ba ta ɗaga wayarsa ba. A cikinsu ne Mudassiru, ma'aikacin ofis a Kura, ya turo magabatansa neman aurenta. Malam Hambali kuwa zancen rashin karatun Yusuf ya kai kunnensa, abinci ya ƙi shiga.

"Na kai ki makaranta har kin zama malama, ki ƙare a hannun wanda yarinya ke karanta wa waya? Gobe in likita ya rubuta magani, wa zai duba?"

Yusuf ya zo zauren gidansu kansa a ƙasa.

"Ba rashin karatun ne ya ɓata min rai ba," in ji Murja. "Ɓoyewar ce."

"Tsoron rasa ki ne, Malamata."

Ta jawo wani tsohon buhun taki. "Nuna min abin da ka sani a nan."

Ashe baƙaƙen duk suna kansa, haɗa su ne ya gagara. Daga nan suka ɗora karatu. Bayan wata uku saƙo ya shigo wayarta: "Murja ina kwana. Ni ne Yusuf. Da hannuna na rubuta."

Malam Hambali bai yarda da ji ba, sai ya gani. Ya sa aka kira Yusuf gona, ya zaro takardar rabon ruwa da aka aiko wa manoma.

"Karanta min."

Yusuf ya fara a hankali, yatsa na bin layi, gumi na bin wuya. A layi na huɗu ya cije.

"Baba, wannan kalmar ban iya ta ba tukuna."

"Ai da ka ƙirƙiro wata ka wuce, da ban gane ba."

Yusuf ya ɗago da mamaki.

"Shekara talatin ina yawo da irin wannan takarda a aljihu, in ce wa mutane na manta tabarau a gida," in ji dattijon. "Ban taɓa iya faɗin abin da ka faɗa yanzu ba. Je ka turo manyanka."

Aka ba Mudassiru haƙuri. Ranar Juma'a bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure a masallacin gari, jama'a har bakin titi. Da yamma Malam Hambali ya kama hannun 'yarsa.

"Ki riƙe shi da amana, Murjanatu. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka."

Mata suka ɗauki guɗa, amarya ta sunkuyar da kai tana amsawa da amin.